Idan Ƙyanda Ta Shigo Gida: Jagora Ga Iyaye Daga Zazzaɓin Farko Har Bayan Warkewa

Da zarar sanyin hunturu ya fara janyewa, zafi ya kunno kai, ƙyanda kan fara zagaya unguwanni. Daga wajen Fabrairu zuwa Mayu ta fi ƙamari a ƙasar Hausa, sai damina ta sauka sannan ta lafa. Wasu na ce mata baƙon dauro. Saboda an saba ganinta, mutane da yawa sun ɗauke ta ciwon da dole kowane yaro ya yi ya wuce wurin. Amma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a 2023 kaɗai ta kashe mutum wajen 107,500 a duniya, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Babu maganin da ke kashe ƙwayar ƙyanda, ba a kemis ba, ba a asibiti ba, ba wurin mai maganin gargajiya ba. Jikin yaro ne ke yaƙarta har ya ci ƙarfinta. Kuma ƙurajen nan da kowa ke zuba wa ido ba su ne ke kisa ba. Abin da ke tafiya da yara ɓarnar da take yi ce a huhu da hanji, abin da ke makantar da su kuma ɓarnar da take yi wa ido. Don haka aikinki na uwa, da naka na uba, shi ne tsaron abu huɗu: numfashi, ruwan jiki, ido da baki. Duk matakan da ke tafe a kan waɗannan suke.

Mataki na 1: Gane ta tun kafin ƙuraje su fito

Ƙyanda ba ta farawa da ƙuraje. Tana farawa da zazzaɓi mai zafi, tari busasshe, majina na zuba, idanu su yi ja suna hawaye, yaro ya riƙa kau da kai daga haske. A wannan gaɓar kowa zai ce mura ce, in kuma yaron bai wuce shekara biyu ba sai a ɗora wa haƙori. Jan idon nan shi ne ya kamata ya ɗarsa miki zargi, musamman in kin ji an ce akwai mai ita a maƙota ko a makarantar su yayyensa.

Ki kunna fitilar waya, ki buɗe bakinsa, ki duba cikin kumatu daura da turamen haƙora. Wani lokaci za ki ga 'yan ɗigo-ɗigo farare ƙanana kamar an barbaɗa gishiri a kan jan nama. In kin gan su, ƙyanda ce. In ba ki gan su ba kada ki saki jiki, don kwana ɗaya ko biyu suke yi su ɓace.

Bayan kwana uku zuwa biyar da fara zazzaɓi ƙuraje ke fitowa, kuma suna da hanyarsu: bayan kunne da gefen gashin goshi, sai fuska da wuya, sai ƙirji da baya, su gangara hannuwa da ƙafafu a cikin kamar kwana uku. A fatar baƙin yaro jan ba ya fitowa sosai, ki shafa da tafin hannu, za ki ji fatar ta yi kaushi. Ba su ɗurar ruwa. Waɗanda ke ɗurar ruwa suna ƙaiƙayi, wasu na bushewa wasu na fitowa sababbi, ƙarambau ne. Ƙurajen zafi kuma ba su zuwa da zazzaɓi da tari.

Wani abin lura: lokacin ƙyanda shi ne lokacin sanƙarau. Yaron da wuyansa ya sandare, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri, ba a jiran ganin ko ƙuraje za su fito. Asibiti kai tsaye.

Mataki na 2: A je asibiti ranar da aka zarge ta

A nan ne ake yawan asarar yara. An gaji wata magana cewa mai ƙyanda ba a kai shi asibiti, in aka yi masa allura za ta koma ciki, sai a bari ta gama fitowa tukuna. Akwai ƙamshin gaskiya a abin da tsofaffi suka lura da shi, domin yaron da jikinsa ya yi rauni ƙwarai, ƙurajensa ba su cika fitowa sosai ba, kuma shi ya fi shiga haɗari. Sai dai raunin jikin ne ya hana su fitowa. Allura ba ta mayar da ƙuraje, rufe yaro a ɗaki da garwashi kuma ba ya fito da su.

To in babu maganinta, me za a je yi? Abu uku.

Na farko, kuma mafi girma, bitamin A. Ƙyanda na cinye abin da ke jikin yaro na wannan sinadari, ko da kuwa yaron na cin mai kyau, rashinsa kuma shi ke busar da ido har ya tsiyaye, ya kuma raunana huhu da hanji. Ana ba kowane yaro mai ƙyanda sau biyu: yau, da gobe war haka. Ɗan ƙwanso ne mai taushi da ake yanke bakinsa a matse man ciki a bakin yaro. Shuɗin, mai awo 100,000, na 'yan wata 6 zuwa 11 ne. Jan, mai awo 200,000, na ɗan shekara ɗaya zuwa sama ne. Jaririn da bai kai wata 6 ba ana ba shi awo 50,000. Idan an ga idon ya fara taɓuwa, akwai na uku bayan 'yan makonni. Kada ki baro asibiti ba ki tambaya ba: an ba shi bitamin A? Na goben fa, a nan zan dawo ko za a ba ni in tafi da shi? Ko da an ɗiga masa a gangamin watannin baya, ki dai faɗa wa ma'aikaciyar, amma wannan na jinya daban ne. Kuma kada a sayo a yi ta ba shi kullum, yawansa na cutarwa.

Na biyu, a gwada jininsa don zazzaɓin cizon sauro. Gwajin ɗan yatsa ne na minti goma sha biyar zuwa ashirin. Yaro na iya haɗa biyun.

Na uku, a auna numfashinsa da nauyinsa da dantsensa, a duba ido da kunne da baki, a ga ko na gida ne ko na kwanciya.

Da isarku ki gaya wa ma'aikaci tun daga ƙofa cewa ƙyanda kike zargi, don a ware ku. Kada ki shiga layi ki zauna tsakanin masu jego da jariran da aka kawo awo. Mai yiwuwa a ɗebi jini a aika gwaji, a kuma sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Wannan ba tonon asiri ba ne, ta haka ake gane unguwar da za a kai wa rigakafi. In yara da yawa sun kwanta a unguwa lokaci guda, a sanar da mai unguwa da asibitin da ke kusa, ko a kira layin kyauta na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, 6232.

Maigida, wannan gaɓar taka ce. Sau tari uwar yaro ta so a tafi, amma kakarsa ta ce a dakata, ita kuma ba za ta iya ja da surukarta ba. Kai ne za ka iya zama kusa da mahaifiyarka ka ce, "Inna, ba za a hana ta fitowa ba. Wani mai ne za a ɗiga masa a baki saboda idonsa. Ki shirya mu tafi tare ki gani." Tsohuwar da aka tafi da ita ta gani da idonta ta fi wadda aka tsallake maganarta sauƙin sha'ani in an dawo gida. Tofi da addu'a kuma babu wanda ya hana, a yi su a hanya.

Mataki na 3: Raba shi da sauran yara

Cikin cututtukan da aka sani kaɗan ne suka kai ƙyanda saurin yaɗuwa. Ta iska take bi, kuma ƙwayarta na iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. A cikin mutum goma marasa rigakafi da suka zauna da shi, wajen tara za su kamu. Yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito har kwana huɗu bayan fitowarsu.

Ke nan babu makarantar boko, babu Islamiyya, babu allo, babu gidan suna ko biki, har a cika kwana huɗu da fitowar ƙuraje. 'Yan dubiya su tsaya daga waje, musamman mai goyo da mai ciki, domin ƙyanda na jawo ɓari da haihuwar bakwaini. Wadda za ta yi jinya ta kasance wadda ta taɓa yin ƙyanda ko aka yi mata rigakafi. A gidan yawa da ake kwana ɗaki ɗaya raba yara na da wuya, na sani. A yi iya yi: a buɗe taga, a kai jariri ɗakin abokiyar zama ko na kaka in nata yaran na da rigakafi.

Sannan a ɗauko katunan rigakafin duk yaran gidan a ranar. Wanda ba a yi wa allurar ƙyanda ba, in aka yi masa cikin awa 72 da haɗuwarsa da mai ciwon, tana iya hana shi kamuwa ko ta sassauta masa. Jaririn da ya kai wata 6 bai kai 9 ba, a tambayi ma'aikatan, don lokacin ɓarkewar cuta akan yi musu tun daga wata 6. Sauran yaran a sa musu ido har mako uku, domin takan yi kwana 10 zuwa 14 a jiki kafin ta nuna kanta.

Mataki na 4: Jinya a gida

Zazzaɓi. Farasitamol ya isa, kowace awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da dare. Ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo. Misali, yaro mai kilo 10 zai sha mililita 5 na ruwan farasitamol ɗin da aka rubuta miligiram 120 ko 125 a kowane mililita 5. Ki yi amfani da murfin awo ko sirinji, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Kada a ba yaro asfirin, ko garin maganin ciwon kai da ke ɗauke da shi, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa a irin wannan ciwo. Haɗin da mai kemis ke ƙullawa a leda, ƙwayoyi kala-kala babu suna, a bar shi. Antibayotik ba ya taɓa ƙwayar ƙyanda, amfaninsa sai in wata cuta ta hau kai, kamar ciwon huhu ko na kunne, wannan kuma ma'aikacin lafiya ne zai faɗa.

Wanka da iska. A yi masa wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a sa masa riga marar nauyi, ɗaki ya sha iska. Hana wanka na kwana da kwanaki a zafin Afrilu ba abin da yake ƙarawa sai miki a fata. Hayaƙin turare ko na itace a ɗakin mai tari ƙara masa wahala ne. In haske na damunsa a saki labule, amma ki riƙa fito da shi haske sau biyu a rana kina duba idon da kyau.

Ruwa. Mai shan nono a ƙara masa, dare da rana, ko da kaɗan-kaɗan yake kamawa. Wannan ba lokacin yaye ba ne. In gudawa ta zo, kuma takan zo, a haɗa ruwan gishiri da sukari na leda. Ki karanta jikin ledar: mafi yawa na lita ɗaya ne, wato ledar ruwa biyu masu rabin lita. Ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, wanda ya fi haka 100 zuwa 200, da cokali, a hankali. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni, awa 24, a zubar a haɗa sabo. In dare ya yi babu na leda, a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, kada a yi tozo. Tare da shi a ba da ƙwayar zinki kullum har kwana 10 zuwa 14, miligiram 20, ko 10 ga wanda bai kai wata 6 ba, ko da gudawar ta tsaya a kwana na uku.

Maɗigar jariri in ta faɗa, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Ba abin da za a liƙa a kai ya ɗago ta. Ruwa take nema, kuma in ta kai haka asibiti ya kamata.

Ido. A nan zan daɗe, don yaran da ƙyanda ta makantar da yawansu ba ita kaɗai ta yi aikin ba, an taya ta. A tafasa ruwa ya huce, a sami auduga ko tsumma mai tsabta, a goge kwantsa daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da nasa tsumman, a wanke hannu kafin da bayan. Shi ke nan. Ba kwalli, ba ruwan albasa, ba ruwan sukari, ba ruwan nono, ba ruwan ganye ko sassaƙe, ba fitsari. Idon mai ƙyanda ya riga ya bushe ya yi laushi, abu kaɗan ke ƙwarzane shi. Haka maganin ɗigawa da aka saya ba tare da an duba yaro ba: wasu na ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ja nan take, uwa ta ji daɗi, alhali in akwai gyambo a baƙin idon sai ya zurfafa shi har ya huje. In ido na fitar da ruwa mai kauri kamar mugunya, a asibiti za a ba ki man shafawa na tetirasaikilin a nuna miki yadda ake ja fatar ƙasan ido a matsa shi a ciki. Yaron da ya runtse ido ya ƙi buɗewa yini guda, kada a ce kunyar haske ce kawai. Ki buɗe a hankali ki duba. In baƙin idon ya yi hazo, ko wani farin tabo ya bayyana a kansa, ranar za a tafi, ba gobe ba.

Baki. Yakan yi gyambo, shi ya sa yaro ke ƙin abinci. A naɗe tsumma mai tsabta a yatsa, a tsoma a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a goge bakin a hankali sau da yawa a rana. A asibiti akan ba da shuɗin maganin baki da aka sirka. Kada a kai shi wurin wanzami a cire beli ko a yi masa tsaga saboda tari ko ƙin cin abinci. Jinin da zai zuba da mikin da za a bari sun fi ƙarfin yaron da ke wannan hali.

Abinci. Ba a yi wa mai ƙyanda horon abinci. Ƙwai, nama, kifi, mai, duk ya ci in zai iya. A ba shi mai laushi, kaɗan-kaɗan, sau shida ko fiye a rana: kunun gyaɗa mai kauri, fate da alayyafo ko zogale da ɗan manja, dafaffen ƙwai da aka murƙushe, hanta, kabewa, kindirmo mai tsabta, gwanda. Allah da ikonsa, lokacin ƙyanda shi ne lokacin mangwaro, a wanke nunanne a matse masa. Yaji da tsami a ɗaga musu ƙafa har bakin ya warke.

Mataki na 5: Ƙirga numfashi, safe da yamma

Ciwon huhu shi ne ya fi kashe masu ƙyanda, kuma ana iya kama shi da wuri da agogon waya kawai. Ki bari yaro ya natsu ko ya yi barci, ba yana kuka ba. Ki ɗaga rigarsa, ki saita minti ɗaya cif, ki ƙirga sau nawa ciki ko ƙirji ya ɗaga. Ɗagawa da sauka ɗaya ke nan. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50 ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40 ya yi yawa. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60. In kin yi shakka ki sake ƙirgawa. Sannan ki dubi ƙasan haƙarƙari: yaro mai lafiya in ya ja numfashi ƙirji da ciki tare suke tasowa. In kin ga ƙasan ƙirjin na lotsawa ciki daidai lokacin da yake jan iska, huhun ya kamu sosai.

Ga abubuwan da ba a kwana da su a gida, ko da ƙarfe biyun dare ne:

- numfashi da sauri, lotsawar ƙirji, ko wani ƙara mai kaushi in yana jan iska alhali ba kuka yake ba
- ya kasa kama nono ko shan ruwa, ko duk abin da ya sha sai ya dawo
- jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko ya daina gane mutane
- idanu sun faɗa, fitsari ya ɗauke, in an ja fatar ciki ba ta komawa da sauri
- jini a bayan gida
- hazo ko tabo a baƙin ido
- gyambon baki mai zurfi ko mai wari
- ciwon kunne, ruwa na fita, ko kumburi a bayan kunne

Akwai kuma alamar da ake yawan mantawa. Zazzaɓin ƙyanda na sauka ne cikin kwana uku zuwa huɗu da fitowar ƙuraje. In ya wuce haka bai sauka ba, ko ya sauka ya sake dawowa, wata cuta ce ta hau kai. A koma asibiti.

In jijjiga ta kama shi, a kwantar da shi a gefensa, a kau da abin da zai buge shi, a sassauta riga. Kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa manja ko jiƙo ko ruwa, zai shaƙe su zuwa huhu. Kada a kara ƙafarsa a wuta. A nemi abin hawa. Shi ya sa yake da kyau maigida ya riga ya yi magana da mai babur ko mai mota a unguwa tun ranar farko, ya ajiye lambarsa da ɗan kuɗin mai a gefe.

Mataki na 6: Bayan ƙuraje sun baje

Ƙurajen kan yi kwana biyar zuwa shida, su dushe ta inda suka fara, fata ta yi duhu tana saɓa. A shafa man kaɗanya ko basilin. Daga nan 'yan uwa za su fara barka da arziki, uwa ta koma harkokinta. Amma ƙyanda na da wata ɓarna da ba a gani: tana goge wani ɓangare na garkuwar da jikin yaro ya tara a kan cututtukan da ya taɓa yi. Shi ya sa za ka ga yaro ya tashi daga ƙyanda, wata ɗaya ko biyu yana ta fama, yau gudawa, gobe tari, jibi kunne, yana ta zubewa. Sai a ce maita ce ko shafar iska, alhali sawun ƙyandar ne.

A ƙara masa cin abinci sau ɗaya a kan wanda ya saba, kullum, aƙalla mako biyu, ko har nauyinsa ya dawo. A kai shi awo bayan mako biyu, a sake bayan wata. In an zagaya dantsensa da tef ɗin awo ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani, kuma akwai cibiyoyin da ke ba da abincin tamowa na leda. Na yaron ne shi kaɗai, ba na rabawa da yayye ba, ba na sayarwa ba.

Ki lura da shi da magariba. Yaron da ke tuntuɓe ko lalube in duhu ya fara, ko ya ƙi motsawa daga inda yake zaune, dundumi ne, alamar bitamin A bai wadace shi ba. Ki kira sunansa daga baya a hankali ki ga ko yana ji. Tarin da ya wuce mako biyu da rama da zazzaɓin dare, a gwada tarin fuka.

Sai bakin. A ci gaba da duba dasashi. Ƙyanda da tamowa su ne manyan masu share wa cutar noma hanya, wadda ake kira zaizayar baki. Tana farawa da kumburin dasashi mai jini da wari, sai kumatu ya kumbura, cikin 'yan kwanaki naman ya yi baƙi ya zube. A matakin dasashi antibayotik da wanke baki da abinci na tsayar da ita. In ta wuce nan sai tiyata, irin wadda ake yi a asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato. Warin baki mai ƙarfi da kumburin fuska a yaron da bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, a ɗauke shi da gaggawa.

Mataki na 7: Rufe ƙofa ga na baya

Allurar ƙyanda biyu ce a Najeriya: a wata 9, da wata 15, kyauta a asibitocin gwamnati. Ta farko a wata 9 na kare kamar yara 85 cikin 100, ta biyun ce ke kamo waɗanda ta farko ba ta kama ba. Iyaye da yawa na tsayawa a ta wata 9 don a da ita ce ta ƙarshe a kati, har ana cewa yaro ya gama allura. Yanzu bai gama ba sai ya yi ta wata 15. A Oktoban 2025 kuma aka fara babban gangamin allurar da ta haɗa ƙyanda da rubella, wata cuta mai zazzaɓi da ƙuraje mai kama da ƙyanda, ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14. Ta gangami ƙari ce, ana karɓa ko yaro ya yi nasa na kati.

Wani ruɗani da ya kamata a warware: ɗigon da ake bi gida-gida ana yi wa yara a baki na shan inna ne. Ko sau ashirin aka ɗiga wa yaro, bai samu kariyar ƙyanda ba. Ta ƙyanda allura ce a dantse.

Ga wani abin da ke sa mata fushi su daina zuwa. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara da yawa ce, in an haɗa ta kuma bayan awa shida zubarwa ake yi. Saboda haka ƙananan asibitoci da dama na da ranar da suke buɗe ta. Uwa ta biya kuɗin mota ta zo, a ce ta dawo wata ranar, ba ta sake komowa ba. Ki tambaya tun ranar allurar mako 14: wace rana kuke yin ta ƙyanda, da ƙarfe nawa? Ki sa a rubuta miki a bayan kati, ki zo da sassafe. Mura ko ɗan zazzaɓi ko gudawa marar tsanani ba su hana allura. Yaro mai tamowa ma shi ya fi kowa buƙatarta.

Bayan mako ɗaya zuwa kwana 12 da yin allurar wasu yara kan yi zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci da 'yan ƙuraje kaɗan. Ba ƙyanda aka sa masa ba, kuma ba ya shafa wa kowa. Farasitamol da nono sun wadatar. Mai ciki ce ba a yi wa wannan allura.

In wata 9 ya wuce, ko kati ya ɓata, ko an yi ƙaura, a je a faɗi gaskiya, za a yi masa ta farko a sa ranar ta biyu, da tazarar aƙalla mako huɗu. Yaron da aka ce ya taɓa yin ƙyanda a gida ba tare da an gwada jininsa ba, shi ma a kai shi, domin ba duk zazzaɓi mai ƙuraje ne ƙyanda ba, kuma allurar ba ta cutar da wanda ya riga ya yi ta.